Rigunan da Na Ɗinka wa Kwamfutocinka

Zuwa ga ƙanena Safiyanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da zan ɗauke maka hankali daga aikinka da doguwar takarda. Na san hidimar da kake ciki a Fatakwal, amma idan muna waya kana sauri ni kuma ina nauyin baki, sai mu rabu ban faɗi abin da na kira dominsa ba. Ina fata kana lafiya, kai da Rahmatu da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Ikara sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je suna Janfalan, ta dawo tana mitar wai 'yan matan yanzu ba su iya dama kunu ba. An fara saran rake a Gazara, kuma bana ya yi kyau.

Saƙonka ya iso, inda ka ce ɗana Zayyad ya sayar wa Alhaji Maiwada kwamfutoci ukun da ka aiko masa, a rufe shagon wasan gem na Makarfi, tunda sabon wasan ƙwallon da ya fito ya fi ƙarfinsu. Ban ga laifinka ba, abin da aka gaya maka ke nan, kuma mu ma haka muka ɗauka. Da an sa wasan sai 'yan ƙwallon su riƙa tafiya kamar masu ciwon ƙugu, can sai kwamfutar ta ɗauke gaba ɗaya. Masu zuwa suka watse, wasu har Kudan suke hawa mashin su je. To Safiyanu, kwamfutocinka lafiyarsu ƙalau. Laifin nawa ne, kuma gara ka ji daga bakina.

Ka san shagon yana jikin injin niƙa. Ranar da na fara zuwa na shafa saman ɗaya, hannuna ya yi fari fat da garin masara. Na ce kayan amana ne, ba za a bar su haka ba. Na dawo gida na yanka atamfa mai kauri, na sa mata shafi, na ɗinka wa kowace riga daidai jikinta, har da leshi a baki, irin yadda muke rufe talabijin da kwanukan jere. Wurin wayoyi kawai na bari. Na kuma ce wa Zayyad kada ya kuskura ya cire, ko ana aiki, tunda da rana injin yake niƙa. Ya ce to, Umma. Ashe akwatin nan numfashi yake yi, akwai fanka a ciki da ke fitar da zafi ta ƙananan ramuka, ni kuwa na toshe su da kyau. Tsofaffin wasannin ba su da nauyi, shi ya sa abin bai nuna ba. Da sabon ya zo yana sa ta aiki tuƙuru, sai zafi ya taru, ta rage gudu don kada ta ƙone, in ya yi yawa ta kashe kanta.

Wasila, matar Zayyad, ita ta gano. Ka tuna tana da difloma a fannin kwamfuta. Ta duba abin da masu wasan suka rubuta cewa yana bukata, ta gwada da abin da ke cikin naka, ta ce ai sun isa, har biyu sun ɗan yi rara. Zayyad ya yi mata dariya, wai diflomarta ta bango ce, ta bar masa harkar maza. Ta ce to malamin maza ya kai ta ta gani. Tana shiga ta ga riguna, ta tambayi wanda ya yi wannan aika-aika, ya ce Umma ce. Kwana tara yarinyar nan tana riƙe da maganar, ba ta gaya masa ba don kada ya kunyata ni, ni kuma ta kasa tunkarata saboda surukuta. Tana ta kawo mini fura, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tashi ta tafi. Sai ranar da saƙonka ya zo, ta sunkuyar da kai ta ce ɗinkin nan ya yi kyau ƙwarai, amma ko Umma za ta yarda a ɗan buɗa masa taga. Da na matsa mata ta yi mini bayani, na ji kunya kamar ƙasa ta tsage.

Washegari da kaina na je Makarfi na cire su. Wasila ta buɗe kowace ta hure garin da ya riga ya shiga, aka janye su daga bangon injin, aka sa raga a taga. Na zauna a kan benci daga azahar zuwa la'asar ina kallo, ko da yake ban san wa ke cin wa ba. Ba wadda ta ɗauke, ba wadda ta yi gardama. Tukur mai rake, da ya fi kowa yayata cewa kwamfutocin Zayyad sun tsufa, ya leƙo ya ce a ba shi ya gwada. Aka zura masa ƙwallo huɗu. Ya ce hannun wasan ne ba shi da kyau, Zayyad ya ce masa yau ba atamfar da zai laɓe a bayanta. Tun ranar mutane suke dawowa, kuma sharaɗina na nan: ba caca, kuma da an kira salla a rufe.

Ba zan ɓoye maka ba, Wasila ta ce masu yin wasannin nan kowace shekara ƙara musu nauyi suke yi. Amma ta ce biyun za su ɗauki na baɗi, in an rage kyan ciyawa da 'yan kallo a cikin hoton, abin da masu wasa ba su damu da shi ba. Ta ukun tana son ƙarin abin da suke kira ram, ɗan siriri ne kamar matajin kai, ana soka shi ne kawai. In tafiya ta yi nisa, katin da ke zana hoton ake canjawa, ba dukan akwatin ba. Ni dai na gani da idona, kuma hankalina ya kwanta da maganarta.

Abin da ya sa na dage, Zayyad ya riga ya fara zancen tafiya Abuja acaɓa in an rufe shagon, ga Wasila da cikin wata bakwai. Na san abin da hanyar nan take yi wa 'ya'yan mutane. Alhaji Maiwada ya ce zai zo da mota ranar kasuwar Makarfi mai zuwa. Na aika masa cewa ya dakata sai na ji daga gare ka, don kayan naka ne, ba zan hana ba kuma ba zan bayar ba sai da izininka. In ka ji duk wannan ka ce a sayar, za a sayar. Amma ina roƙonka ka bar masa su.

Ka gaida Rahmatu da Lubna da Sadiƙ. Inna tana sa muku albarka. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, kafin ranar kasuwa.

Yayarka,
Halimatusa'adiya