Na Sake Ɗaga Motarka, Baba

Baba,

Sallama da gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa. Na san wannan takarda ba za ta isa hannunka ba, kuma babu mai karanta maka ita. Amma akwai maganar da nake ɗauke da ita tun daminar bara. Na kasa faɗa wa Inna, na kasa faɗa wa matata, kai kaɗai nake so ka ji.

Gida lafiya lau. Inna dai ciwon gwiwa ne yake matsa mata in sanyi ya sauko. Matata Hadiza ta haifi namiji, an sa masa sunanka. Gonarka ta bakin kanal mun yi shinkafa, yanzu albasa ce a ciki, kuma bana an sako ruwa da wuri.

Maganar motarka ce, Baba.

Ka tuna shekarar da ka ɗaga ta? Ina sakandare a Kura. Ka je Ƙofar Ruwa ka sayo sifirin na wata babbar mota da ta mutu, da dogayen shok guda huɗu. Kai da abokinka Malam Iro bakanike kuka yi yini biyu a ƙarƙashinta. Da kuka sauke ta daga jak, sai ga tsohuwar wagon ɗin nan ta tashi sama da taƙi guda, bayanta ya ɗara gabanta, kamar kaza tana tsintar hatsi. 'Yan makarantarmu suka sa mata suna Taguwa, wato raƙuma.

Kai dariya ka yi. Ni kuwa kunya ta kama ni. Ranar da ka kai ni makaranta a cikinta, na ce ka sauke ni a mararraba zan sayi biro. Ka san ƙarya nake yi. Daga ranar, kullum a mararrabar nan kake tsayawa ba sai na roƙa ba, ba ka kuma taɓa tayar da zancen ba. Ranar ɗaurin aurena a Kano ma na ce maka motoci sun isa. Ka ce dama kana da niyyar hutar da ita. Ka zo a bayan babur da sabuwar babbar rigarka. Me ya hana ƙasa ta haɗiye ni a ranar?

Duk shekarun nan na ɗauka don kwandunan tumatir ka ɗaga ta. Ban taɓa tambayarka ba.

Da aka raba gado ta faɗo a rabona. Ko wata biyu ba a yi ba na kai wa Malam Iro na ce ya sauke ta, ya mayar mata da kayanta na asali, don zan riƙa shiga Kano wurin aiki da ita. Ya daɗe yana kallona, ya tambaye ni ko na yi shawara da Inna. Na ce masa zamani ya canza. Ya yi aikin. Sifirin ɗinka da shok ɗinka ya zuba a buhu ya ajiye bayan gareji, ya ƙi sayar wa kowa. Na sa aka yi mata fenti, ta kwanta ƙasa-ƙasa, tana sheƙi. Na ji daɗi, Baba, ba zan ɓoye maka ba.

A tsakiyar damina, wata safiya bayan an sha ruwa, sai ga Jatau a ƙofar gida, taɓo har gwiwa. Ka san shi, na unguwar Maguzawan nan da ke ƙetaren babban kanal ta wajen Bunkure, masu zuwa coci. Matarsa Kande na kan gwiwa tun jiya, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Ya ce duk matar da haihuwa ta zo wa da gardama a yankinsu, wannan motar ce take fitar da ita. Yana maganar yana waige-waige, yana neman motar, alhali tana gabansa. Bai gane ta ba.

Shiga mun shiga da ƙyar, cikinta na gogar ƙasa. A dawowa ga Kande, ga surukarta, ga Jatau, sai ta ƙara kwanciya. Ka san wurin nan bayan kwalbati, inda tayoyin tarakta suka haƙa rami biyu suka bar tudu a tsakiya? Nan ta hau ta zauna. Dutse ya fasa kaskon baƙin mai, na ga man yana bin ruwa. Masu aiki a gonakin shinkafa suka fito, suka tura, suka ɗaga, ta ƙi. Kande ba ta yi ihu ba, nishinta kawai nake ji a bayana. A ƙarshe amalanken shanu aka nemo, shi ya kai Kande bakin titi. Rana ta take kafin mu isa asibiti.

Kande ta rayu. Jaririyar ba ta zo da rai ba.

Na sha faɗa wa kaina cewa kwana ne ya ƙare, ko da mun isa da wuri abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne. Amma na san motar da ka bar mini da ta wuce wurin nan ko tsayawa ba za ta yi ba. Ta yaya mutum zai riƙe waɗannan biyun a zuciya ɗaya?

Abin da ya fi ci mini rai ya zo bayan mako guda. Jatau ya dawo da zakara a hammata, ya durƙusa yana yi mini godiya, yana ba ni haƙuri wai ta dalilinsu motata ta lalace. Ya yi maka addu'a irin tasu. Na karɓi zakaran, Baba. Na bar shi ya tafi ban faɗa masa gaskiya ba.

Da na jawo motar zuwa gareji, Malam Iro bai yi mini gori ba, da ma ya yi. Ya lissafa mini ƙauyukan da kake shiga da damina, wasu ban taɓa jin sunansu ba. Ya ce mai naƙuda ko kuɗin mai ba ka karɓa a hannun mijinta. Sannan ya jawo buhun ya ajiye a gabana, ya miƙa mini sifana. Da hannuna na kwance kayan asalin, na ɗaura naka. Sifirin ɗaya ya kufce ya tsaga mini babban yatsa, tabon na nan. Shok ɗaya ya tsiyaye, muka sake shi. Yini uku na yi, shi yana zaune a kan benci yana nuna mini da baki.

Sai Juma'ar da ta wuce na iya zuwa gidan Jatau. Na zauna a kan tabarmarsu na faɗa musu komai: cewa ba hanya ce ta kayar da mu ba, ni na sauke motar don kada a yi mini dariya a birni. Jatau ya sunkuyar da kai. Kande tana surfe, ta tsaya da taɓarya a hannu. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ban ga bakin roƙo ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko yanzu motar tana wuce kwalbatin. Na ce tana wucewa. Ta ce to in bar wayata a kunne, ƙanwarta ta shiga watanta.

Wayar na nan a aljihuna, tankin kuma a cike.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka makwancinka, ya yafe mini abin da na yi maka da wanda na yi musu. Sai mun zo.

Ɗanka da bai san ka ba sai bayan ranka,
Auwalu