Hodar da Ba Ki Shafa Ba

Jibiya,
Ranar Asabar.

Zuwa ga ɗiyata Zulfa,

Assalamu alaikum. Tun kafin ki yi nisa ina gargaɗinki: ki karanta takardar nan ke kaɗai, kada ki miƙa wa Gwaggonki Barira, kuma kada ki ajiye ta sai kin kai ƙarshe, ko da ranki bai so ba. Ban taɓa rubuta wa kowa irinta ba.

Ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggo da duk mutanen Daddara. Yaya ƙafar Gwaggo, da sauƙi? Mu ma lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Da na kira ki, sai dai wayarki tana nan cikin akwatina tun ranar da na ƙwace ta. Kuma ko da tana hannunki, bakina ba zai iya faɗin abin da zan rubuta ba.

Kin san fentin da Kawunki Yusha'u ya zo mini da shi daga Maraɗi, ruwan hodar nan mai ɗan ruwan goro a ciki, wanda na ce yana sa falo ya yi kamar kullum hantsi ne. Akwai abin da ba ki sani ba, domin kina makaranta aka yi shi. Bokiti ɗaya ne, ni kuwa falo da ɗakuna biyu nake so. Lawwali mai fenti ya zaga kasuwa bai sami irinsa ba. Ya ce mini bokitin falo kawai zai isa, kuma sai an kankare tsohuwar farar ƙasar da ke jikin bangon, in ba haka ba fentin ba zai kama ba. Na ce masa ban kira shi don ya karantar da ni ba, ya ƙara ruwa ya shafa a kai, ina da baƙi. Ya ƙara. Na ce ya sake ƙarawa. Ya dube ni, ya zuba.

Bayan mako biyu na ga abin da na gani a kumatunki da bakin hijabinki. Kin rantse mini ba ki shafa hoda ba, na ce rantsuwa ba ta yi wa yaran yanzu wuya. Na zazzage jakarki ban sami komai ba, sai na ce a gidan su Joy kike ɓoyewa, ku shafa ku bi ta tasha inda direbobin kan iyaka suke zama. Babanki ya ce in bari a bincika, na ce shi ne mai lalata ki. Na hana ki zuwa darasin yamma, na je har gida na gaya wa Maryamu, uwar Joy, ta raba ɗiyarta da tawa, washegari na sa ki a motar Daddara. Duk kin san wannan. Na rubuta ne don ki san ban manta ko ɗaya ba.

Shekaranjiya Alhamis matan Islamiyyarmu suka yi karatu a gidan nan. Ni na nemi a yi a wurina don a ga falon, wannan ma in faɗa miki gaskiya. Sun yaba, Malama Hasiya har ta tambayi inda ake samunsa. Da aka gama karatu aka ba ni dama in yi nasiha, na yi ta a kan 'yan mata da kwalliyar ɓoye. Ban ambaci sunanki ba, amma babu wadda ba ta san inda kike ba da dalilin tafiyarki. Na ce uwar da ta ga alama a fuskar ɗiyarta ta kau da kai, ta shirya amsar da za ta ba Ubangiji.

Ana zafi ranar, kowa ya yi gumi, duk sun jingina da bango. Da aka shafa fatiha Malama ta miƙe ta juya za ta ɗauki jakarta, sai ga bayan farin hijabinta ya rine tun daga wuya har ƙugu. Kowa ta shiga duba bayan 'yar'uwarta. Hajiya Tabawa, wadda ta haura saba'in, ta yi gyangyaɗi da kanta a jikin bango, ta tashi kuncinta ɗaya jawur. Wata ta ce ashe Hajiya ma an fara shafe-shafe, a kai ta Daddara. Mutum biyu suka fara dariya, suka dube ni, suka haɗiye. Da sun yi dariyar da ya fi mini sauƙi. Suka yi ta kakkaɓe wa juna baya, suka yi mini sallama da ladabi, suka fita.

Na shiga ɗakinki na tsuguna a kusurwar da kike zama ki yi karatu. A daidai inda kike jingina kai fentin ya goge, farar ƙasa ta fito, faɗin tafin hannu. Na shafa yatsa a gefen wurin, ya fito da launin da na gani a fuskarki. Na daɗe a tsugune a nan.

Jiya na je wurin Maryamu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, kamar ba ni ce na tsaya mata a ƙofa ina ɗaga murya ba. Ta ce ita tun ranar da ta shigo taya ni murnar fenti ta ga abin a rigarta, ta yi shiru don kada ta ɓata mini rai. Da na je mata da faɗa ta buɗe baki za ta gaya mini, ban bar ta ta yi magana ba. Joy ba ta fito ta gaishe ni ba, ban kuma ga laifinta ba. Gobe zan tsaya a gaban matan da na yi wa nasiha in gaya musu ɗiyata ba ta yi komai ba.

Zulfa, ni na koya miki cewa zato zunubi ne, ni kuma na yi miki shi, na yaɗa. Na zalunce ki. Ki yafe mini don Allah.

Babanki ya ce da ya aika miki cewa ki dawo, kin ce kin fi son zama wurin Gwaggo. Ban yi fushi ba, ba ni da bakin yi. Amma jarrabawarki saura mako uku, ga darasin kwana goma sha ɗaya da na sa kika rasa. Yusha'u zai zo Daddara ran Talata. Ba umarni nake ba ki ba. In kin biyo shi, ki taho da littattafanki duka, kada ki bar su cikin ƙurar rumbu. In ba ki biyo shi ba, zan zo da kaina ran Laraba in roƙe ki a gaban Gwaggo.

Lawwali zai fara kankare bangon jibi. Ya dai tambaye ni ko wannan karon ma za a ƙara ruwa.

Ki gaida Gwaggo da kyau, ki riƙa kama mata aiki, kada ki yi wasa da salla. Na kuma tara babanki da yayyenki na kafa doka, ke ma ki sani. Daga yau a gidan nan ba a hukunta kowa a ranar da aka zarge shi. Sai an kwana, sai ya faɗi nasa har ƙarshe ba a katse shi ba. Wanda ya karya, ko ni ce, a tsayar da shi.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Ummusalma.