Dutsen da Ya Faɗo wa Dung

Plumstead, Landan
9 ga Mayu, 1991

Yaya Haggai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata wasiƙar nan ta same ku lafiya, kai da Anatu da yara. Allah ya ƙara wa Mama ƙarfin jiki. Mu ma yaranmu lafiya, Rhoda har ta fara rubuta sunanta. Amma ƙanenka Dung yau kwanansa ashirin da uku a asibiti, shi ya sa ka ga rubutuna, ba nasa ba.

Ka san bara ya sami aiki wurin wani tsoho ɗan Japan, Mista Morioka, mai shirya lambu irin na ƙasarsu. Lambun babu fure, duwatsu ne kawai da farar tsakuwa da ake ja da manjagara har ta yi layi-layi kamar ruwa. Dung ya so aikin nan ƙwarai. Yakan dawo yana dariya, wai tsohon sai ya wuni yana zagaya dutse ɗaya yana neman fuskarsa, kafin ya yarda a binne gindinsa. Da ya gane Dung cikin duwatsun Jos ya tashi, sai ya zama ba a sauke ko ɗaya sai ya nemi shawararsa.

Ran sha shida ga Afrilu suna kafa dutse na bakwai a bayan gidan wani attajiri. Har an sauke, Dung ya ce bai zauna daidai ba, a sake ɗagawa. Ana ɗagawa sarƙa ta tsinke, dutsen ya faɗo masa a ƙafa. Yaya, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma an yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa.

Ciwon yana warkewa, shi ne dai ba ya dawowa daidai. Ba ya cin abinci sai na matsa masa. Kullum maganarsa ɗaya ce, shi ya ce a ɗaga. Tsohon yakan zo kowace Lahadi ya zauna bakin gado, hula a hannu. Ya ce in an sa ƙafar roba aikinsa yana nan, don idonsa yake bukata, amma Dung sai ya juya wa bango fuska. Ga flat ɗinmu a hawa na uku, babu lif, council masu ba da gidaje sun ce mu jira kafin su sauya mana.

Ya hana ni gaya wa kowa a gida, amma wata 'yar cocinmu za ta zo Jos wata mai zuwa, ba na so Mama ta ji a bakin bare. Don Allah ka je ƙauye da kanka, ka zaunar da ita tukuna kafin ka gaya mata. Sannan ka rubuto masa, don kai kaɗai ne bai taɓa yi wa musu ba. Yau ya tambaye ni ko ka sani, na ce a'a. Ya ce, "Gara haka," ya ja bargo ya rufe kansa, ina jin kukansa. Daga can na dawo na zauna rubuta maka.

Ka gai da Anatu da yara, da Baba Pam, da Goggo Kaneng. Ku sa mu cikin addu'a.

Matar ƙanenka,
Chundung