Larai Ta Wanke Jirgin Labo

Malam, ka taimake ni, zuciyata ta ƙi kwanciya.

Yayana Labo ya yi shekaru a kudu yana zuba wa jirgin ƙasa gawayi. Shekarar da muka samu 'yancin kai ya dawo Gazawa da tari. Da yake yawancin mutanenmu ba su taɓa ganin jirgi ba, sai ya ƙera ƙarami da gwangwani, tsawon kamu ɗaya. Ƙirar ba ta ba shi wuya ba, ɓata shi ne ya ci rani guda. Yakan kankaro baƙin tukunya ya kwaɓa da man gyaɗa ya shafa, ya sa jar ƙasa a ƙafafun ta zama tsatsa. Ina yi masa dariya, shi kuwa yakan ce jirgi mai tsabta bai je ko'ina ba.

Labo ya rasu da daminar bara. Shatin yatsunsa na nan jikin jirgin, kullum ina dubawa.

Kwanan baya malamin lakol, wato makarantar boko, ya roƙi aron jirgin don bikin 'yanci. Matata Larai ta ga abin kunya ne a kai shi gaban jama'a da dauɗa, ta sa toka da soso ta darje shi tas. Na dawo gona na tarar yana walƙiya kamar kwanon amarya. Wallahi ji na yi an sake binne Labo. Na ce mata dama ba ta taɓa ƙaunarsa ba. Ta tafi gidansu a Cadakori, ni ga ni zaune da gwangwani. Ina kewarta, amma na kasa yafewa. Yaya zan yi?

Mai baƙin ciki, Gazawa

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Labo. Kukanka yana kan hanya, kuma ba zan ruɗe ka ba: shatin yatsun nan ya tafi ke nan. Amma wa ya taɓa gaya wa Larai cewa dauɗar ita ce aikin? Mace ta ga baƙi a jikin kwano, me kake so ta yi? Girmama mamacin ta yi da abin da ta iya. Sa'an nan ka tambayi kanka wa ya dama masa kunu duk tsawon jinyarsa. Ita gwangwani ta darje, kai kuwa zuciyarta.

Jirgin zai gyaru, tunda a gabanka aka yi. Shafa mai kaɗan, sa baƙi daga bakin hayaƙi zuwa ƙasa, goge da tsumma, bari ya bushe, ka sake. Kada ka yi gaggawa.

Sai dai kada ka aro baƙin daga maƙwabta. Na tukunyar da ta ciyar da Labo ake so, ita kuwa tana kife tun da mai ita ta tafi. Sayi goro, ka tafi biko da ƙafarka, ka janye maganarka a gaban iyayenta. In ta dawo ta hura wuta, miƙa mata jirgin ta fara shafawa.

Allah ya sanyaya zuciyarku, ya kai ka Cadakori lafiya.