Muryar Maccido a Lasifikar Bature

Jega, 4 ga Nuwamba, 1998

Yaya Rabi'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Murjanatu da mutanen Maiyama. Mu dai muna nan cikin haƙuri.

An yi sadakar arba'in ɗin maigidana, Maccido. Har Alhaji Bature ya zo. Ka san shi, tare suka shiga majalisar jiha, shi ne ya laƙaba wa marigayi "Honorabul Albasa" don kullum zancensa hanyar Gehuru da albasar da ke ruɓewa kafin ta kai kasuwar Aliero. Maccido ya sha ba'a, amma bai bari ba sai da aka yi wa hanyar kwalbati. Da soja suka rushe majalisa ya koma lambunsa. Duk jinyar da ya sha, Bature ko leƙe. Ranar arba'in kuwa, an ce kuka har da fyace hanci.

Yanzu takara zai tsaya, yana son ɗana Zaharaddeen ya riƙa binsa kamfen. Sunan uban yake so, ba yaron ba. Ina cikin takaba, ko ƙofar gida ba na takawa. Don Allah ka zo ka ja masa kunne, kai ne kawunsa.

Ka gaishe da yara.

Ƙanwarka,
Shafa'atu

Jega, 20 ga Nuwamba, 1998

Yaya Rabi'u,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Murjanatu? Na ji ita ta tsayar da kai, Allah ya ba ta lafiya.

Kada ka wahalar da kanka, aikin gama ya gama. Na yi wa yaron magana har na gaji. Abin da ya ce kawai: "Inna, mi al laihi? Baba ya tahi, mu munka rage." An ɗinka masa shadda.

Jiya da hantsi ina tankaɗe, sai motar kamfen ta biyo layinmu. Yaya, muryar Maccido na ji sak, har da ɗan dishin nan nasa. Na saki rariya na ruga, sai da na kai zaure na tuna ba ni da ikon fita. Nan na tsaya, ina jin ɗana da muryar ubansa yana shaida wa Jega cewa Alhaji Bature ne ya yi kwalbatin Gehuru.

Ka sa mu a addu'a. Ni ban iya yafewa ba tukuna.

Taka,
Shafa'atu