Ni na kawo shawarar da ta hana maƙwabciyata shiga taron Kansila

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Ku kuma masu saurin zagi, ku riƙe bakinku har ku kai ƙarshe, don na san halinku, kafin ku gama layi uku kun riga kun jefa mutum wuta. Ba abin da za ku faɗa mini da ban faɗa wa kaina ba.

Ni ce shugabar matan jam'iyyarmu a mazaɓarmu, nan wajen Tudun Fulani a Minna. Gidana yana kallon na wata dattijuwa da zan kira Mama Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, ungozoma ce da ta yi ritaya, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku. Amma matar nan akwai baki. Lokacin zaɓe ɗaya ɓangaren ta yi, ba ta ɓoye ba, kuma ranar da muka fito yawon kamfe ta tsaya a ƙofar gidanta ta ce mini a gaban mata, "'Yata, kina ta rawa saboda mutumin da in ya hau ko wayarki ba zai ɗauka ba." Mata suka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Da muka ci zaɓe, Kansila ya kira taro kan magudanar ruwan da za a gina a layinmu, saboda duk damina ruwa har cikin ɗakuna yake shiga. Ya ce mini yana gudun 'yan adawa su zo su yi masa ihu a gaban injiniya. Nan fa shaiɗan ya hau kaina. Na tura masa saƙon murya na ce, "Ranka ya daɗe, ai da sauƙi. Ankon da muka yi ranar rantsar da kai shi ne katin shiga. Mace ta ɗaura atamfar, namiji ya sa hular. Wanda ba shi da su ba namu ba ne." Har na ƙara da cewa akwai wata tsohuwa a layinmu, in ta shiga sai ta hargitsa wurin. Wa ya tambaye ni wannan? Ba kowa. Ni na ƙara don kaina.

Ranar taron ni ce a bakin ƙofar ajin firamaren da aka ara. Sai ga Mama da takarda a hannu, ta zana yadda ruwa yake bi a layin tun kafin yawancinmu mu tare. Ta ce, "'Yata, matsa in wuce." Na marairaice fuska na ce, "Wallahi Mama umarni ne daga sama, sai mai anko. Na roƙe su saboda ke, sun ƙi." Na rantse da Allah a kan ƙarya, tsakar rana, a gaban mutane. Ta dube ni ta ce, "Taron jam'iyya ne ko taron unguwa?" Ta dafa kafaɗata ta ce kada in damu, ta san ba laifina ba ne, ta juya ta tafi da takardarta.

A ciki injiniya ya ce layin ya yi ƙunci, dole magudanar ta ci gefe ɗaya, dama ko hagu. Tsohuwar hanyar ruwan a dama take, inda shagunan shugaban jam'iyya suka cinye hanya, inda ni ma rumfata take. Duk ajin ya ɗauka, "Hagu." Injiniya ya tambaya har sau biyu, "Akwai wanda gidansa yake hagu a nan?" Ba ko ɗaya, don a masu gidajen hagu ba mai ankonmu. Ina za a same su, bayan ni na mayar da su gida? Bayan mako biyu aka zo da jan fenti aka yi alama a gidaje uku. A gidan Mama alamar ta faɗa kan ɗakin da take kwana, wanda mijinta ya gina da hannunsa.

Ni dai yanzu haushin kowa nake ji. Ina jin haushin Kansila, don ni mace ce mai jin zafin magana na faɗi shirme, shi da aka rantsar da Alƙur'ani a kan zai riƙe kowa me ya hana shi ce mini a'a? Kansilan jam'iyya ne shi ko na mazaɓa? Ruwan sama yana duba hular mutum ne kafin ya shiga gidansa? Ina kuma jin haushin 'yan adawan da suke ta kumfar baki yanzu, kamar lokacin da suke kan kujera ba haka suka riƙa kulle mana ƙofa ba. Har Mamar ina jin haushinta, da ta riƙe bakinta ranar nan da duk ba a zo nan ba. Na san wannan ba hujja ba ce, amma haka nake ji, kuma kunya ta hana ni fita ta ƙofar gaba.

Shekaranjiya Mama ta shigo gidana. Ta ce ta je ofishin injiniya, an ce mata in wani daga cikin waɗanda suka shirya taron ya shaida cewa an hana mutanen hagu shiga, za a dakatar da rusau a sake zama. In ba haka ba, ranar Litinin motar rusau za ta shigo. Ta ce, "Duk cikinsu ke kaɗai na yarda da ke. Ki raka ni ki faɗi abin da kika gani."

Tana fita na kira Kansila na ce a sake taron kawai. Ya yi wata dariya ya ce, "Hajiya, ki je ki ba da shaidar mana. Ni kuma zan tara mutanen layin in kunna musu saƙonki, har wurin da kika yi maganar tsohuwa." Mutumin da na yi wa yawo gida-gida ke nan.

In na yi shiru, ranar Litinin ina zaune a rumfata zan ga an rushe mata ɗaki, kuma wurina za ta zo ta yi kuka. In na yi magana, ɗakin zai tsira, amma za ta ji da kunnenta, da muryata, wace ce ta sa aka kore ta. Yau Asabar, ta aiko a tambaye ni ƙarfe nawa za mu fita ranar Litinin da sassafe, kafin motar ta iso. Me zan yi?