Tasoshin Kakanka a Kan Sikeli

Zuwa ga angona Mashudu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, jikana kuma marowacin miji da bai taɓa aiko wa matarsa ko goro ba. Yaya Dijatu da mutanen Aboabo? Ni lafiya lau nake nan Italiya gidan kawunka Awaisu, abinci har ya yi yawa. Ƙafar ce dai. Likita ya ce in manta da jirgi tukuna, kuma ban yarda da tukunan nan tasa ba.

Na ji tun ba a yi arba'in ba kun share ɗakin kakanka, kun kira masu sayen tsohon ƙarfe da sikelinsu. Haba Mashudu, kilo? Shekara hamsin mutumin nan yana bin kasuwannin Salaga da Yendi, yana kwaso tasoshin tagulla da butocin da aka yar. Wata rana na ga wata buta ta yi baƙi, na dirje ta da toka da lemun tsami. Ya zauna yana hawaye, wai na wanke sawun hannun mutum ɗari da suka taɓa riƙe ta. Wata guda ina yi masa dariya.

Bai rubuta komai ba. Ni yake ba labarin kowacce, ni kuwa ina tsintar shinkafa ina cewa "to, to."

In akwai abin da ya rage, don Allah ka turo wa Awaisu hoto in gwada tunawa. Jiya daga azahar har la'asar ina neman garin da babbar tasar nan ta fito, ban samo ba. Kuma babu wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙansa, ya yi maka albarka.

Kakarka,
Sala